MAGANGARAR RUWA TA GURARA: A JE A GANI, A DAWO LAFIYA

A Jihar Neja akwai wani wuri inda kogi yake tafe a kan duwatsu, sai hanya ta yanke masa, ya faɗo ƙasa da ƙara mai ƙarfi. Sunan wurin Gurara. Kowace shekara mutane suna zuwa daga Abuja da Minna da Kaduna da sauran garuruwa don su ba idonsu abinci. Baƙi daga ƙasashen waje ma suna zuwa.

Irin wannan tafiya ita ake kira yawon buɗe ido. Ba fatauci ba ce, ba kuma neman aiki ba. Mutum ya bar gida ne don ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya huta, ya ƙaru da ilmi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Manomi da makiyayi da mai sana'a duk suna da hakkin su ga ƙasarsu, ba sai ma'aikacin birni kaɗai ba.

Amma akwai magana ɗaya da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Lokacin da Gurara ta fi kyau shi ne lokacin da ta fi haɗari, wato damina. A wannan lokaci ido ake kai mata, ba ƙafa ba. A wannan wata za mu yi bayanin dalili, mu kuma faɗi yadda za a shirya tafiyar.

MECE CE MAGANGARAR RUWA?

Magangarar ruwa wuri ne da kogi yake faɗowa daga tudu zuwa kwari gaba ɗaya. Wasu suna ce mata matsirga.

Yaya aka yi ta samu? Kowane manomi ya san zaizayar ƙasa. Idan ruwan sama ya bi ta gona, yana cin ƙasa mai laushi da sauri, ya bar wuri mai tauri a tsaye. Bayan shekaru kaɗan sai ka ga kwazazzabo, ruwa yana faɗawa cikinsa daga sama.

Haka kogi yake yi wa duwatsu, sai dai shi aikinsa na dubban shekaru ne. Inda dutsen yake da rauni ko tsaga, ruwa da yashi da tsakuwa suna gogar sa har ya lotsa. Inda dutsen yake da tauri ƙwarai, sai ya tsaya kamar dakali. Kogi ya zo bakin dakalin nan, ba shi da wata hanya, sai ya faɗo.

A gindin magangara kuma ruwan da ke faɗowa yana haƙa rami. Yana juya duwatsu a ciki kamar yadda taɓarya take cin turmi a hankali. Shi ya sa gindin magangara yakan yi zurfi fiye da sauran kogin. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

INA GURARA TAKE?

Magangarar tana cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, wadda hedkwatarta take Gawu Babangida. Tana kusa da ƙauyen Bonu, a gefen hanyar da ta tashi daga Suleja zuwa Minna.

Wanda ya fito daga Kano ko Zariya ko Kaduna zai bi babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja. Idan ya iso mahaɗar Dikko, kusa da Suleja, sai ya kama hanyar Minna. Garin Lambata mai babbar kasuwa yana kan wannan hanya. Direbobin motocin haya sun san inda ake ratsewa zuwa magangarar. Daga bakin titi akwai 'yar tafiya kafin a kai wurin.

Tsayin magangarar ya kai kamar mita 30. Idan da igiyar rijiya za a gwada, wajen gaba 16 ke nan. Faɗinta kuwa ya ninka tsayinta sau da yawa, musamman idan kogi ya cika.

Kogin Gurara ya taso ne daga tuddan da ke wajen kudancin Jihar Kaduna. Ya ratsa Jihar Neja da yankin Birnin Tarayya, sa'an nan ya zuba cikin Kogin Kwara kafin a kai Lokoja. A sama da magangarar, cikin Jihar Kaduna, gwamnatin tarayya ta gina madatsar ruwa a kansa. Daga wannan madatsa aka ja babban bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 zuwa madatsar Usuma, wadda take ba Abuja ruwan sha. Ke nan ruwan da baƙo yake kallo a Gurara ɗan'uwan wanda ake sha a babban birnin ƙasa ne.

Gwarawa suna cikin mutanen da suka daɗe da zama a wannan yanki. Su suna kiran kansu Gbagyi. Manoman doya ne da dawa da masara. Su ne masu masauki, kuma sun fi kowa sanin halin kogin.

GURARA DA RANI, GURARA DA DAMINA

Wanda ya je Gurara a watan Fabrairu da wanda ya je a watan Agusta, idan suka zauna hira, sai ka ɗauka wurare biyu suka gani.

Da rani, daga Janairu zuwa Maris, ruwa yana ja da baya. Duwatsu suna fitowa fili. Ruwan yana rarrabuwa, yana saukowa ta nan da can, fari tas. A wannan lokaci mutane sukan sauka ƙasa, su zauna a kan duwatsu, su ci abinci, su yi hira.

Da damina labari ya canza. A wannan yanki ruwan sama yakan fara tun watan Afrilu, ya kai har Oktoba. Zuwa Agusta da Satumba kogi ya cika ya batse. Ruwan ya zama ja saboda ƙasar da ya kwaso. Duwatsun da aka zauna a kai da rani duk sun nutse. Tun daga nesa za ka ji rugugi kamar na tsawa. Idan ka matso, feshin ruwa yana tashi sama kamar hayaƙi, yana jiƙa maka riga. Wani lokaci idan rana ta haska feshin, sai ka ga bakan gizo. Dajin da ke kewaye ya yi kore shar.

Watannin Yuni da Yuli da Agusta su ne lokacin zafi a ƙasashen Turai da Amurka. A lokacin suke samun hutu, suke fita yawon buɗe ido. A wurinmu kuwa waɗannan watanni tsakiyar damina ne. A ciki ne makarantu suke ba da dogon hutu. A ciki ne kuma manomi yakan ɗan sami sarari, bayan an gama maimai, kafin girbi ya zo. Saboda haka lokacin da mutane suka fi samun damar zuwa ya zo daidai da lokacin da kogin ya fi ƙarfi.

ME YA SA RUWAN YAKE DA HAƊARI?

Wani saurayi zai ce, ai ni a bakin gulbi na tashi, na iya iyo tun ina yaro. To, iyo a tafki daban, ruwan magangara daban. Ga dalilai guda biyar.

Na farko, nauyi. Jarka mai lita 20 idan ta cika, nauyin ruwanta kilo 20 ne. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa kilo 1,000 ne. Buhun masara goma ke nan masu kilo 100. Da damina irin wannan akwati ba ɗaya ba, ba biyu ba, suke faɗowa a kowace daƙiƙa.

Na biyu, gudu. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 30, kafin ya taɓa ƙasa gudunsa ya haura kilomita 80 a awa. Gudun mota ke nan a kan babban titi. Ka haɗa wannan gudu da wancan nauyi, ka ga ba wani ƙato da zai iya tsayawa a ƙarƙashinsa.

Na uku, juyawa. Mun ce akwai rami a gindin magangara. Ruwan da ya faɗa ciki ba ya wucewa kai tsaye. Yana nutsewa ƙasa, ya taso, ya sake komawa baya, kamar ana dama fura a ƙwarya. Wanda ya shiga wannan wuri, ruwan zai danna shi ƙasa, ya ɗago shi, ya sake danna shi, har ƙarfinsa ya ƙare.

Na huɗu, kumfa. Farin ruwan nan mai ban sha'awa cike yake da iska. Ruwan da ya gauraya da iska ba ya ɗaukar jikin mutum kamar ruwan tafki. Ko gwanin iyo ne, zai ji yana nutsewa.

Na biyar, santsi. Feshin ruwa yana jiƙa duwatsu dare da rana. Gansakuka tana tsirowa a kansu. Dutsen da ka ga kamar busasshe ne, kana taka shi sai ka ji kamar ka taka sabulu. Sau da yawa wanda ruwa ya ci ba shiga ya yi da niyya ba. Zamewa ya yi daga bakin dutse.

RUWA YANA IYA ƘARUWA BA TARE DA HADARI BA

Akwai wani abu da yake yaudarar baƙi. Mutum ya duba sama, ya ga gari garau, babu hadari ko kaɗan, sai ya saki jiki. Bai san cewa kogi daga nesa yake ɗauko ruwansa ba. Ana iya tafka ruwan sama a kudancin Kaduna da dare, ruwan ya iso Gurara bayan awoyi, alhali ko ɗigo bai sauka a wurin ba. Haka kuma duk kogin da yake da madatsa a sama, ruwansa yana iya ƙaruwa idan madatsar ta cika ta yi ambaliya ko aka saki ruwa.

Ga alamomin da ke nuna kogi yana tasowa. Launin ruwa ya ƙara yin ja ko baƙi. Ganyaye da karare da rassan itace suna wucewa da yawa. Ƙarar ruwan ta ƙaru. Dutsen da ka gani a fili ɗazu, yanzu ruwa ya fara rufe shi. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, hau tudu nan da nan. Kada ka tsaya ɗaukar takalmi ko kwano.

ABIN DA YA FARU A KINTAMPO

Ba ruwa kaɗai ne abin tsoro ba. A ƙasar Gana akwai wata sananniyar magangarar ruwa a garin Kintampo. A watan Maris na 2017 mutane suna wanka da wasa a gindinta, sai iska mai ƙarfi ta taso da ruwan sama. Wani babban itace ya faɗo daga saman tudu ya danne su. Aƙalla mutane 18 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta da suka je yawon buɗe ido. Wasu da dama suka ji rauni.

Darasin a fili yake. Idan hadari ya taso, a bar gindin magangara, a bar ƙarƙashin manyan itatuwa. Ƙasar da ta sha ruwa ba ta riƙe saiwa da kyau. Ga kuma tsawa, wadda ta fi faɗa wa dogon itace da wanda yake cikin ruwa. Wuri mafi aminci shi ne cikin gini ko cikin mota.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya. Yara da matasa suna da yawa a cikinsu. A wannan shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakar da jama'a kan haɗarin nutsewa a ruwa.

YADDA ZA A SHIRYA TAFIYA

Tafiya cikin ƙungiya ta fi sauƙi, ta fi araha. Ƙungiyar manoma, ko ta matasa, ko ta mata, tana iya yin karo-karo na 'yan watanni, ta ɗauki shatar mota guda. Kafin a tashi a kula da waɗannan abubuwa:

1. A naɗa shugaban tafiya guda ɗaya, mutum mai natsuwa wanda ake jin maganarsa.

2. A rubuta sunan kowa a takarda. A kira suna kafin a tashi, a kira idan an isa, a sake kira kafin a juyo.

3. A yi tambaya game da lafiyar hanya da zaman lafiyar yankin. Direbobin tasha da 'yan'uwa mazauna Suleja ko Minna za su faɗi halin da ake ciki. Idan aka ce hanya ba ta da kyau, a ɗaga tafiyar.

4. A yi sammako, a isa da hantsi, a baro wurin tun kafin la'asar ta yi sanyi. Kada dare ya yi a hanya. Waɗanda garinsu yake da nisa su nemi masauki a Suleja ko Minna.

5. A sanar da mai unguwa ko dagaci da mutanen gida inda za a je da ranar dawowa.

6. A tanadi kuɗin mota da na abinci da na shiga, domin ana biyan kuɗi a ƙofa. A ajiye wani abu daban saboda larura.

Kayan da za a riƙe ba su da yawa. Ruwan sha mai tsabta daga gida. Abincin da ba ya saurin lalacewa, kamar gurasa da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa da dabino. Takalmi mai kama ƙasa wanda ake ɗaurewa, ban da silifas. Riga mai dogon hannu da dogon wando. Leda ta rufe waya da kuɗi saboda feshin ruwa. Doguwar igiya mai ƙarfi da jarka wadda babu komai a ciki, mai murfi. Za mu faɗi amfaninsu a gaba.

DOKOKI IDAN AN ISA

Da an isa, a fara gai da ma'aikatan wurin da mutanen gari. A nemi ɗan jagora daga cikinsu. A tambaye shi inda ake tsayawa da inda ba a zuwa. Baƙo ko yana da ido, ɗan gari ya fi shi gani.

A karanta duk allon gargaɗi da aka kafa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran da ƙarfi.

A tsaya a tudu, inda ƙasa take a bushe. Daga can ma aka fi ganin magangarar gaba ɗayanta.

Da damina kada kowa ya shiga ruwan. Ba wanka, ba iyo, ba wanke ƙafa a bakin dutse. Mai son alwala ya yi da ruwan da aka zo da shi.

Kada a je saman magangara, wato inda kogi yake gab da faɗowa. Ruwan wurin yakan yi kamar ba ya gudu, amma yana ja da ƙarfi, kuma duwatsun ƙarƙashinsa suna da santsi.

Kowane yaro ya kasance da babba guda da yake riƙe da hannunsa. Kada a ce yara su kula da junansu. Mace mai goyo ta tsaya nesa da bakin dutse.

A yi hankali da ɗaukar hoto. A yau kusan kowa yana da wayar hannu. Mai ɗaukar kansa hoto yakan juya wa ruwa baya, yana ja da baya kaɗan-kaɗan, idonsa yana kan waya. Taku ɗaya ya isa. Babu hoton da ya kai ran mutum.

Samari su bar gasa da cika baki. Wanda abokai suka zuga ya yi tsalle, shi kaɗai zai shiga ruwan, masu zugar suna tudu.

IDAN WANI YA FAƊA RUWA

Abu na farko, kada ka bi shi. Sau da yawa mai ceto da wanda za a ceta duk ruwa yake tafiya da su. Gida ɗaya ya yi rashi biyu.

Yi kururuwa, a kira ma'aikatan wurin da mutanen gari. Mai waya ya buga 112, lambar neman agajin gaggawa a Nijeriya.

Idan mutumin yana kusa, kwanta rub da ciki a wuri mai tauri, ka miƙa masa doguwar sanda ko gora. Wani ya riƙe ƙafafunka. Idan yana da nisa, ɗaura igiya a hannun jarkar nan, a rufe murfinta sosai, a jefa masa. Jarkar da babu komai a ciki ba ta nutsewa. Idan ya rungume ta, sai a jawo shi a hankali.

Idan an fito da shi, a duba ko yana numfashi. In yana yi, a kwantar da shi a gefensa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska ta baki har ƙirjinsa ya ɗago. Sa'an nan a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri. Dannawa 30, hura iska sau 2, a yi ta maimaitawa har ya farfaɗo ko taimako ya iso.

Kada a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki ko juya shi kai ƙasa wai don ruwa ya fito. Iska yake bukata. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya kawo matsala daga baya.

A KULA DA CUTUTTUKAN BAKIN KOGI

Kada a sha ruwan kogi sai an tafasa. Da damina yana kwaso ƙazanta daga gonaki da garuruwan da ya ratsa. Yana iya kawo gudawa da amai.

A koguna masu gudu da ƙarfi ne wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda yake hayayyafa. Da rana yake cizo. Shi ne yake yaɗa cutar da ke kawo ƙaiƙayi mai tsanani, wadda idan ta daɗe takan makantar da mutum. Wanda ya daɗe yana shan cizo a bakin kogi shi ya fi kamuwa, amma baƙo ma gara ya rufe jikinsa. Amfanin doguwar riga da dogon wando ke nan. Maganin cutar sunansa Mectizan. Tun 1987 kamfanin da yake yin sa yake ba da shi kyauta, ana raba shi a ƙauyukan da cutar take.

A gefen kogi kuma, inda ruwa yake kwanciya, akwai ƙananan katantanwa da suke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar tana shiga ta fata idan mutum ya shiga ruwan. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya yi wanka a kogi ko tafki, ya je asibiti. Akwai magani.

HAKKIN WURI DA NA MASU WURI

Baƙo nagari ba ya barin shara a gidan mai masaukinsa. Leda da robar ruwa da gwangwani, duk a tattara a buhu a fito da su. Ledar da aka jefa a kogi ba ta ruɓewa. Dabbobi suna cinye ta, tana kuma toshe hanyar ruwa.

Kada a sare itace, kada a kunna wuta a daji. Saiwar itatuwan nan ce take riƙe da bakin kogi. Kada a yi rubutu da fenti a jikin duwatsu. Kada a ratsa gonar mutane ko a karya musu masara. Kada a ɗauki hoton mutum sai an nemi izininsa.

Yawon buɗe ido yana kawo kuɗi ga karkara. Mai gasa masara, da mai sayar da doya, da ɗan acaɓa, da ɗan jagora, duk suna samu idan baƙi sun zo. A sayi kayansu, a sallami ɗan jagora da abin kirki. Wannan kuma abin tunani ne ga masu karatunmu. Wataƙila a kusa da ƙauyenku akwai dutse, ko tafki, ko tsohuwar ganuwa, ko marina, da baƙi za su so gani. Wurin da aka tsabtace, aka kiyaye, aka karɓi baƙo da fara'a, shi ake komawa.

WASU WURAREN IRIN WANNAN

Ba Gurara kaɗai ba ce. A kusa da Kafanchan ta Jihar Kaduna akwai magangarar Matsirga. A Jihar Filato akwai ta Assop, a gefen hanyar da ta sauko daga Jos zuwa Akwanga. A Ƙaramar Hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa akwai Farin Ruwa, wadda tsayinta ya kai kamar mita 150, wato ta ninka Gurara sau biyar. Kowa ya duba wadda ta fi kusa da shi.

A nahiyar Afirka, wadda ta fi suna ita ce ta Kogin Zambezi, a kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe. Turawa suna kiran ta Biktoriya. Mutanen wurin kuwa suna kiran ta da sunan da ke nufin hayaƙi mai tsawa. Tsayinta ya haura mita 100, faɗinta ya kai kimanin mita 1,700. Duk inda magangara take, babba ko ƙarama, dokokin da muka lissafa ɗaya ne.

KAMMALAWA

Jama'a, gani ya kori ji. Wanda ya sami hali ya je ya ga Gurara, ya kai iyalinsa su gani. Mai son ya ga ƙarfin ruwa ya je a Agusta ko Satumba, ya tsaya a tudu. Mai son ya sauka ƙasa ya zauna a kan duwatsu ya bari sai rani, kuma ko a lokacin ya bi maganar ɗan jagora, ya nisanci ramin da ke gindin magangara.

Shugaban tafiya ya tuna da takardar sunaye. Mutum 18 suka shiga mota da safe, mutum 18 za su sauka da yamma. Idan an dawo, a tara waɗanda ba su je ba, a ba su labarin abin da aka gani, a kuma koya musu yadda ake ceton wanda ya faɗa ruwa. Wannan ilmi zai yi amfani a rafi da tafkin da ke bayan gari, ba sai a Gurara ba.